Yadda Ake Hana Yaƙi Daga Kan Kujera

Kai sabon wakili, barka da sauka Geneva. Ajiye akwati, goge takalmi, ka buɗe kunne. Na tsufa a wannan Majalisa tamu ta bakin tafki, wadda aka kafa bayan Babban Yaƙi don kada a sake harba ko harsashi ɗaya a duniya. Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari ba yaƙin da zai taɓa shigowa zauren taro. Zan yi maka misali da Trifon, wani tsoho manomin inabi daga ƙauyen Kurnitsa, wanda muka gama da shi lami lafiya.

1. Ka san inda ake tura mai ƙara

Gidan nan ɗaki uku ne. Akwai Babban Zaure na dukan ƙasashe, mai zama sau ɗaya a shekara. Akwai Ƙaramin Zaure na manya. Akwai ofishin magatakarda, masu buga takardu. Soja kuwa ba mu da ko ɗaya, mai gadin ƙofa ma laima ce makaminsa.

Trifon ya iso da hular fatar tunkiya, yana warin hayaƙin jirgin ƙasa. Sojojin ƙasar hayin kogi sun tsallako, sun kwana a gadonsa, sun ɗaure dawaki a jikin inabinsa. Matarsa Nevena ta koma garken awaki.

Ya ce, "Yallaɓai, inabi ya fara ja. A ce su fita kafin lokacin tsinka, iyakar buƙatata ke nan."

Irin wannan, ka tura shi Babban Zaure in ba ya zama. In yana zama, ka tura shi Ƙarami.

2. Kafa kwamiti

Ba wutar da kwamiti ba ya kashewa, muddin an ba ta lokaci ta cinye gidan. Mun naɗa wa Trifon mutum bakwai, cikinsu har da gwanin kifin teku. Zamansu na farko ya ƙare a kan taga: a buɗe ko a rufe. Wakilan ƙasashen sanyi suka ce zafi, na ƙasashen zafi suka ce mura. Aka kafa wa taga ƙaramin kwamiti.

3. Kada magana ta wuce ba tafinta

Duk abin da aka faɗa da Faransanci, a maimaita da Ingilishi. Ko tari ne, a tabbatar an fassara shi. Da aka ba Trifon dama, ya yi ihu da harshensu na ƙauye: "Dawaki na cinye mini gona!" Kafin maganar ta ratsa tafinta biyu ta zama: "Mai ƙara yana nuna damuwa game da kiwo." Aka tafa masa. Shi ma bawan Allah ya tafa, yana tsammani an ba da umarnin korar soja.

4. Riƙe ƙa'idar baki ɗaya

Nan ne ƙashin bayan aikin. Ba a zartar da komai sai kowa ya yarda, kowa da kowa, har da wanda dawakinsa ke cikin gonar. Jahilai na cewa an ba kura ajiyar nama. Mu kuwa ladabi muke kiransa.

Shugaban taro ya ce, "Masu son sojoji su fita?" Hannuwa suka tashi kamar karan dawa. Trifon daga can ƙarshen zaure ya ɗaga nasa duka biyu, ko da yake ba shi da ƙuri'a.

"Masu ƙi?"

Mai Girma Dobrin, wakilin ƙasar hayin kogi, ya ɗaga ɗan yatsa ɗaya, bai ma ajiye kofinsa ba.

Trifon ya ce wa tafinta, "Ɗana, mun ci, ko? Dubi yawanmu!"

"Baba, mutum ɗaya bai yarda ba."

"To ai shi ne ɓarawon!"

"Shi ya sa ra'ayinsa ke da muhimmanci, Baba. Ya fi kowa sanin maganar."

5. A jira zukata su huce

Dokarmu ta ce a yi watanni ba wanda ya taɓa wani. Wanda ya riga ya shiga gidan wani, sai ya huce a ciki. Kai kuwa ka sami narkakken cuku da burodi a bakin tafki, gaggawa aikin shaiɗan ce. In ka hango Trifon zaune a kan matakala yana duban ganyen bishiya na zuba, ka shiga ta ƙofar baya. Ni kaina ya ba ni tausayi matuƙa, har na sa aka kai masa kujera.

6. Ka rufe magana da murna

Da ƙanƙara ta fara sauka, labari ya zo cewa ƙasar hayin kogi ta haɗe Kurnitsa gaba ɗaya, ta kafa tutarta a kan cocin garin. Kada ka firgita, nan ne nasara. Majalisa ba ta tsoma baki a harkar cikin gidan kowace ƙasa, kuma soja a cikin ƙasarsa ba mamaya yake ba. Aka kaɗa ƙuri'ar rufe ƙara, kowa ya yarda, baki ɗaya. Wasu har da hawaye.

Trifon ya ce, "To yanzu wa zan kai wa kuka?"

Shugaba ya ce, "Wakilin ƙasarka mana. Ga shi nan."

Mai Girma Dobrin ya taso ya rungume shi. "Ɗan ƙasarmu! Haba Baba, me ya kawo ka uwa duniya cikin sanyin nan? Gida ai ya fi."

Tsoho ya daɗe yana juya hula a hannu. Sannan ya tambaya a hankali ko akwai wanda ya ji labarin Nevena. Aka gaya masa wannan ba ya cikin jerin abubuwan tattaunawa na yau.

Gargaɗi

Na yi alkawarin zaman lafiya a zaure ne kawai, kuma na cika. Abin da ya faru a waje, da gona, da gado, da matar kowa, ba ruwana. In wata rana dawakin suka iso ƙofar gidanka, kada ka nemo ni. Ka zo ka shigar da ƙara kamar kowa. Matakala akwai wuri.