Wankan Tsarkin Motar Yaya

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na yarda in rubuta wannan abin kunya.

Zamanin da kuɗin fetur suka cika gari, yayana da ke aikin gwamnati a Tambuwal ya dawo daga kwas a Turai da 'yar motar wasa mai injin gaske, wadda ake tuƙawa daga nesa. Da aka tura shi Kebbe, ni ya bar wa amanarta, don ya san ni da taka-tsantsan. Ƙura kawai ya ce in riƙa goge mata.

Ina cikin gogewa na shinshini man da take sha, sai na ji warin barasa. Hankalina ya tashi, domin a ɗakin da na ajiye ta nake nafila. Na kwance injin, na dirje shi da toka da yashi kamar tukunya, na ɗauraye da ruwan buta. Waswasi ya sa na maimaita. Na mayar da shi da danshinsa, ina jin na yi aikin lada.

Kafin Yaya ya dawo, tsatsa ta cinye shi.

"Mi kay yi mata?"

"Tsarkake ta na yi, Yaya."

"To, wanka ya yi. Saura likkafani."

Bai sake ba ni ajiyar ko allura ba. Har yau masu babur in sun hango ni da buta sai su ce, "A ɓoye inji, ga Malam nan."

Don Allah, wanda ya san inda ake samun irin injin nan ya sanar da ni. Yaya ya tsufa, ba na son mu je lahira da wannan magana.