Ranar da hoton likitar Inna ya daskare

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tona wa kaina asiri gaban likitar Inna.

Mahaifiyata tana zaune a Giwa Tazo, hawan jini ya sa ta gaba. Zuwa Birnin Kebbi kowane wata yana wahalar da ita, sai aka shirya mana ganin likita ta waya. Ni nake zuwa daga Jega da na'urar awon jini, mu zauna bayan rumbu (nan kaɗai sabis ke kamawa), mu kira likitar ta bidiyo.

Likitar mace ce mai tsare gida. Ta hana Inna gishiri da nama mai kitse. Ni kuwa, ɗan albarka, ban taɓa zuwa ba tare da ƙunshin balangu ba. Uwa ce fa, kuma tana so.

Ran nan awo ya yi sama sosai. Likita ta ce, "Hajiya, ana kiyaye abinci kuwa?"

Na yi caraf na ce, "Ƙwarai! Ni da kaina nake sa ido."

Sai hotonta ya tsaya cak, baki a buɗe. Na girgiza wayar, shiru. Na ce sabis ya tafi.

Na juya na ce, "Inna, in ta dawo kada ki ambaci balangun nan." Ban tsaya nan ba. Na maƙale murya, na ɗaga yatsa ina kwaikwayonta: "Hajiya, ban da gishiri! Hajiya, ban da numfashi!" Inna tana dariya har da riƙe ciki.

Sai wayar ta yi magana: "Malam, hoton ne ya tsaya. Ina jin ku."

Na ji kamar in shige rumbun. Inna kuwa, maimakon ta rufa mini asiri, sai ta matso ta ce, "Gaskiya ɗiyata, shi ka kawo man. Wani lokaci har da kilishi."

Likita ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. A hankali ta bayyana mini yadda hawan jinin zai iya shanye wa Inna rabin jiki.

Yanzu lemu nake kai mata, tana karɓa tana harara ta. Jinin ya sauka. Ni kuma na koyi darasi: ko waya ta yi kamar ta mutu, ba na gulma sai na kashe ta, na sa a aljihu, na yi nisa da rigar.