Yadda Manaja Zai Ji Ma'aikatansa Daga Nesa Ba Tare da Ya Saurare Su Ba

"Awa ɗaya ma'aikaciyar nan taka ta roƙa, Manaja. Daga takwas zuwa tara."

"Inna, don Allah ki bar maganar nan. Kwana uku aka yi ana horar da mu yadda ake tallafa wa masu aiki daga gida. Ga satifiket can a bango."

"Na gani. A ƙusar madubina ka rataye shi."

"Ba za ki gane ba."

Haka muka karya da safen nan, ni da ɗan cikina. Tun da kamfaninsu ya ce kowa ya koma gida da aikinsa, ya kinkimo teburinsa ya dasa a ɗakina, wai a nan sabis ya fi ƙarfi. Wata bakwai ke nan ina zaune a bakin gado a bayansa, ni da ciwon gwiwata, ina jin duk abin da yake faɗa wa mutanensa tara na cikin kwamfuta. Aji huɗu na yi, amma kunnena ya gama jami'a. Littafin da aka ba shi a wajen horon shafi biyu kawai ya ɓata, shi ne na ɗauka in rubuta maka darasin, kai mai son zama manaja irinsa. Bi shi daki-daki. Na yi maka alkawari cikin wata ɗaya ba wanda zai ƙara kawo maka kukansa.

Mataki na 1: Je horon, ka dawo da sabon baki

Kwana uku a otal. Ka dawo da jaka, da biro, da ɗan tumbi, da kalmomi uku: "Na ji ka." In mace ce, "Na ji ki." Ka karkata kai, ka lumshe ido kamar mai shan magani, sannan ka faɗa a hankali. Fara gwadawa a gida. Na ce wa ɗana gwiwa ta hana ni sakat, ya ce, "Na ji ki, Inna, kuma abin da kike ji yana da muhimmanci." Man zafin dai har yau yana shago.

Mataki na 2: Gyara daga cibiya zuwa sama

Riga ta sha guga. Abin da ke ƙasa, tsakaninka da Allah. Akwai wani maɓalli da ke mayar da duk abin da ke bayanka hayaƙi, ka danna shi. A gidan nan ni ce hayaƙin.

Mataki na 3: Buɗe taro, ka tafi haɗa shayi

Manajan da ya san kansa ba ya riga na ƙasa da shi zama. Kunna kwamfuta takwas daidai, ka ɓace minti goma. A cikin minti goman nan suke maganar da ta dame su, don haka kada ka kuskura ka kasance a wurin. Ni dai ba inda za ni da wannan ƙafa, shi ya sa na san kowa.

Akwai Mai Zakara, wanda zakaran maƙwabcinsa ke halartar taro fiye da shi. Akwai Mai Labule, wadda ba a ganin komai a bayanta sai wani labule mai ruwan toka. Ita ke rubuta duk rahoton da ɗana ke kai wa manyansa, shi kuma ya sa hannu a ƙasa da wannan biron na otal. Litinin da Alhamis takan kai mijinta wankin ƙoda ƙarfe bakwai, shi ya sa ranakun nan take shigowa a makare, ta waya, daga barandar asibiti, ana tura keken marasa lafiya ta bayanta. Sauran takwas sun sani. Ni na sani, maƙwabciyata ma ta sani, don na faɗa mata. Kai kaɗai ya kamata kada ka sani. In uwarka ta ɗauko zancen, ka ce kana da wani taron.

Mataki na 4: Kada ka dubi fuska, dubi ɗigo

Kusa da sunan kowa akwai ɗan ɗigo. Kore yana aiki, rawaya ya tashi. Wannan ɗigon shi ne ma'aikacinka, mutumin kuwa rakiya ya yi masa. Ɗigon Mai Zakara ba ya taɓa dusashewa, domin yakan ɗora kwalbar ruwa a kan maɓallan ya tafi wanke motarsa. Da bakinsa ya faɗa, yana dariya. Sau biyu ana ba shi gwarzon wata. In da adalci, kwalbar ya kamata a ba.

Mataki na 5: Tambaye su launinsu

Wannan shi ne ƙashin bayan horon. Kowace safiya ka ce, "Yau wane launi zuciyarka take?" Mai Zakara zai ce, "Kore shar, ranka ya daɗe." Ran nan Mai Labule ta ce, "Ja." Har na gyara zama, na ce yau za a yi ta. Ɗana ya karkata kai ya ce, "Na gode da kika buɗe mana zuciyarki. Na gaba."

Ka lura da kyau, nan gwanintar take. Tambaya aka ce ka yi. Ba wanda ya ce ka ɗauki amsar ka kai ta wani wuri.

Mataki na 6: In an roƙi abu, ba da wani abu

Wata rana wani zai roƙi abin da za ka iya yi. Nan ne haɗarin. Mai Labule ta rubuto sau uku, ta ce a mayar da taron safe ƙarfe tara, kwana biyu kawai a mako. Karo na farko ka ce za a duba. Na biyu ka tura mata bidiyon yadda ake jan numfashi a sauke a hankali. Na uku ka kira kowa taron nishaɗi bayan an tashi aiki, dole, kowa ya nuna kofin da ya fi so.

In ta matsa, ka ce malaman horo sun ce tsayayyen lokaci yana kwantar wa ma'aikata hankali. Kada ka ce ƙarfe tara ake sharhin ƙwallo a rediyo, kuma a kwance kake jin sa, a kan gadon uwarka, da ƙafa a kan matashinta.

Mataki na 7: Yi gyara a gaban jama'a, da murmushi

Ka zana jadawalin waɗanda suka makara, ka haska shi a allo kowa ya gani, ka sa masa suna mai daɗi. Nawa ya kira nasa "Mu Girma Tare." Suna ɗaya ne a ciki.

Kafin in faɗa maka yadda ta kaya bayan rigimarmu ta safe, bari in wanke hannuna. Ni tsohuwa ce, ba ni da satifiket, ban aike ka ba. In ka bi matakan nan aka wayi gari manyanka na jiran rahoto jibi, kai kuma ba ka san ko a wace jaka yake ba, kada ka zo ka tsaya mini a ka kana cewa "Inna, me ya same ta." Abin da ya biyo baya naka ne, kai da malaman otal.

Ɗana ya haska jadawalin, ya karkata kai.

"Malama, ba laifi muke nema ba. Sau shida a wata guda. Me za mu yi mu tallafa miki?"

"Ƙarfe tara."

"Na ji ki, kuma..."

"Ba ka ji ni ba, ranka ya daɗe. Tsohuwar da ke bayanka ce ta ji ni. Inna, ina kwana."

Na leƙo ta gefen kafaɗarsa. "Lafiya lau, 'yata. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Inna. Allah ya ƙara wa gwiwa lafiya." Ta mayar da ido kan ɗana. "Rahoton jibi na tsaya a shafi na huɗu. Sauran ashirin ɗin a ba gwarzon wata."

Mai Zakara ya yi wuf ya kashe kyamararsa. Ɗana ya sake karkata kai. Ita kuwa ba ta danna jan maɓallin fita ba. Ta cire katin aikin da ke wuyanta ta ajiye a kan tebur, ta miƙe ta yaye labulen, ashe ƙofa ce a bayansa. Ta fita ta bugo ta, har hoton ɗakin ya girgiza a allonmu.