Ranar da Na Kushe Jirgi, Kawu Ya Hau

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na je duba makarantar koyon tuƙin jirgin sama ba, na kwashi halin kasuwar shanu na tafi da shi.

Ni ɗan Maigatari ne, a kara na tashi, wato kasuwar dabbobi. Babana dillalin shanu ne, kakana ma haka. Tun ban kai tsawon tozon sa ba nake bin Baba ran Alhamis ina riƙe masa igiya, kuma darasin farko da ya koya min shi ne, abin da kake so kada fuskarka ta nuna. In ka ga bijimin da ya kwanta maka a rai, ka ɓata rai, ka ce ƙafarsa ta baya ba ta yi maka ba, ka buɗe bakinsa ka girgiza kai. In ka taya mai shi ya ce albarka, ka juya ka kama tafiya a hankali. Kafin ka kai bakin shinge za a kira ka. Kullum ana kira. (A haka na sayi babur, a haka na sayi waya, har ɗinkin sallah a haka nake yi. Telana na Gumel in ya hango ni sai ya yi tsaki.)

Son jirgi kuwa ya shige ni ne tun wata damina da na je wajen kakata a Ɗanzomo, aka turo wani ƙaramin jirgi yana feshin tsuntsaye jan-baki a kan gonaki. Ya yi ƙasa-ƙasa har na hango kan mutumin da ke ciki. Daga ranar na ce ni ma sai na zauna a wurin nan. Na girma, na gama karatu, na shiga harkar Baba, abin bai fita daga raina ba. Ba aikin kamfanin jirage nake nema ba, lasisin tuƙa ƙaramin jirgi kawai nake so, irin na mai koyo don kansa.

Baba ya daɗe yana cewa in bar shirme. Da nacin ya ishe shi, sai ya kafa min sharaɗi.

"Ka nemo makarantar, ka je da kawunka Sale. A ɗora ka a jirgin a gabansa. In ya dawo ya ce min ka hau ka sauko da hankalinka, na yarda, ni zan ɗauki nauyi. In ba ka hau ba, kada ka sake tayar min da maganar nan."

Kawu Sale ƙanin mahaifiyata ne, noma da kiwo yake yi a wajen Gagarawa Tasha. Baba ya zaɓe shi ne don ba ya iya ƙarya ko da don ya taimake ka. A gidanmu dariya muke masa, domin shi kaɗai ne mutumin da zai shiga kara ya tsaya gaban saniya ya ce, "Kai, wannan ta yi min kyau," mai ita yana ji.

Na shiga bincike a waya. Wata makaranta tana can kudu, hotunanta kamar otal, amma in na tafi na rabu da kasuwar Alhamis ke nan. Wata kuma ɗalibai sun fi ƙarfin jiragenta, an ce sai mutum ya yi wata bai taɓa sitiyari ba. Wani da ya taɓa koyo ya ba ni shawara, ya ce in bar kallon hoto, in je da ƙafata in ga wa ke gyara jiragen, in kuma kalli malamin da zai zauna kusa da ni, in ji ko zan iya ba shi amanar raina. A ƙarshe na samu wata 'yar makaranta mai zaman kanta, wadda in ka yi sammako daga Gumel za ka isa kafin azahar. Malamar da kanta ta ɗauki waya, Kyaftin Rabi, ta ce suna ɗan zagayawa da mai son shiga a sama don ya gwada kansa. Na kama rana. (Kafin ranar ta zo na riga na faɗa wa rabin kara. Wani ɗan Damagaram da muke ciniki da shi har ya fara kirana Mushe Kyaftin, wato Malam Kyaftin da Faransanci, ni kuma ina amsawa.)

Muka isa. Wurin ba wani ƙawa, rumfar kwano babba, ofis, sai dogon titi a fili. Kyaftin Rabi ta fito, mace mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan magana. Ta gaishe da Kawu da girmamawa, ta kai mu wajen jirgin da za mu hau, mai kujera biyu, fari da ratsin shuɗi.

Gaskiya zan faɗa, ina ganinsa zuciyata ta narke. Tun ina yaro ban taɓa son wani abu kamar yadda na so jirgin nan ba. To, da yake na so shi, sai jikina ya yi abin da ya saba. Na ɓata rai.

Na zagaya shi hannuwana a baya. Na ga an ɗaure fukafukansa da igiya a ƙasa.

"Hajiya, shi kuma wannan ɗaure shi ake yi a turke kamar akuya?"

"Saboda iska ne, Malam," ta ce.

Na taɓa taya da ƙafa, na girgiza kai. Na leƙa ciki na ce kujerar ta ci duniya. Ta sunkuya ƙarƙashin fiffike ta tsiyayo ɗan mai a wani kofi tana ɗaga shi sama (daga baya na san duba shi ake yi ko ruwa ya shiga, kuma kafin kowane tashi sai an yi), ni kuwa na dubi Kawu na ce, "Ka gani, har yoyo yake." Na ƙwanƙwasa jikinsa na ce gwangwanin madara ya fi shi kauri. Da yake ba ni da abin buɗewa in duba haƙora, na tsaya gaban farfela na daɗe ina kallo, sannan na yanke hukunci.

"Wannan jirgin ya tsufa. Anya zai kai mutum ko nan da bakin gari? Ni na ga waɗanda suka fi shi a wata makarantar."

A raina ina jin daɗin kaina. Na ce yau Baba zai ji labarin yadda ɗansa ya karya farashin jirgin sama.

Kyaftin Rabi ba ta yi fushi ba. Ta ajiye kofin, ta dube ni sosai.

"Malam, a aikinmu, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da jirgi ba, ba ya shiga. Ko ni in na ji haka, ba na tashi. Tunda ka ga abin da bai yi maka ba, na girmama ganinka. Ba zan ɗora ka ba."

Duk mai hankali a nan zai farka. Ni kuwa kunnena albarka ya ji. Na ce to, an zo wurin. Na kaɗe rigata, na ce, "Shi ke nan, Allah ya sa haka ya fi alheri," na juya na nufi ƙofa. Na yi wa Kawu ido ya biyo ni, bai motsa ba. Wannan ma ya ƙara min ƙwarin gwiwa, na ce ashe tsohon ya fara koyon sana'a, ya tsaya a baya ne ya yi dillanci, ya sasanta mu.

Ƙofar makarantar da nisa. Na yi tafiyar nan ta kara, sannu-sannu, kunne a baya. Na tsaya na gyara takalmi. Na tsaya na duba waya, alhali ba wanda ya kira. Na rage sauri har ya zama ba tafiya nake ba, jan ƙafa nake. Rana tana dukana, gumi ya jiƙa min sabuwar shadda, ban waiwaya ba, domin mai waiwaye ya faɗi ciniki. Haka har na isa bakin ƙofa.

Mai gadi ya miƙe. "Malam, in buɗe maka ne?"

"A'a, dakata. Yanzu za a kira ni."

Ya koma ya zauna. Ni kuma na ci gaba da tsayuwa. Can sai na ji injin ya tashi. Na ce madalla, tana ɗumama shi ne don ta ja hankalina. Ƙarar ta ƙaru, ta yi nisa, ta dawo. Na ɗaga kai. Jirgin nan da na ce ba zai kai bakin gari ba ya wuce ta saman kaina, ya karkata kaɗan, ta tagar na hango farar hula da wani hannu yana ɗago min. Hannun na san shi, da shi aka sha ba ni fura.

Mai gadi ya kare ido da tafin hannu. "Ba tare kuka zo da dattijon nan ba?"

Na sauke kaina ƙasa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na rasa inda zan sa idona, ga kuma baƙin ciki, don kujerata ce.

Abin da ya faru, bayan na juya, ta ce wa Kawu an riga an ware lokacin, jirgi kuma a shirye yake, shi me ya gani? Kawu ya ce, "Ni dai, 'yata, ya yi min kyau." Ta ce to ko zai gwada? Ya ce bismillah.

A mota muna dawowa na kafe idona a kan titi. Kawu kuwa bakinsa bai rufu ba, wai daga sama gonaki kamar tabarma, wai shanu ba su da tozo in ka kalle su ta can. Da muka wuce Gumel na roƙe shi ya ɗan gyara labarin. Ya ce shi bai san yadda ake gyara abin da ya riga ya faru ba.

Baba yana zaune a ƙofar gida da abokansa bayan isha'i. Ya ce, "Sale, yaya? Ya hau?"

"Alhaji, ni dai na hau, na kuma sauko lafiya. Shi kuwa ban ga ya hau ba."

"Tsoro ya ji?"

"A'a, ba tsoro ba ne. Ciniki yake yi."

Sai da Kawu ya ba da labarin tun daga igiya har zuwa mai gadi, bai tsallake ko gwangwanin madara ba. Baba ya yi dariya har ya cire hula yana share hawaye. Ni ina tsugune ina jiran ya ce maganar ta mutu, don sharaɗi sharaɗi ne, kuma ban hau ba. Da ya natsu ya ce, "Sa in ka kushe shi, a igiya za ka ja shi gida. Wannan kuwa cikinsa za ka shiga ya bar ƙasa da kai. Laifina ne da na koya maka rabin darasi. Ka koma kai kaɗai, ka gaya wa baiwar Allah nan gaskiya. In ta yarda ta ɗora ka, na yarda."

Na koma. Na tsaya gabanta kamar ɗan firamare na ce, "Hajiya, jirgin nan ina son sa. Tun ranar nake son sa."

Ta ce, "Ya daina tsufa ke nan?"

Na ce ya daina. Ta miƙo min kofin nan ta ce in fara da duba yoyon.

Yanzu na yi nisa a karatun, har na tashi ni kaɗai na sauka. Na kuma koyi cewa akwai wuraren da in kana son abu, gara ka buɗe baki ka faɗa tun kana kusa, don ƙofarsu da nisa kuma ba sa kira. Sai dai a kara wannan duk bai canza komai ba. Har yau ran Alhamis, in wani ya ɗaga murya ya ce Kyaftin, Kawu Sale ne ke waiwayowa.