Huɗubata a Kan Abincin Makaranta

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Asabar a makarantar su Hafsa, 'yata, a nan Doha. Ni shugaban masu gadi ne a wani ginin ofisoshi a Mushairib, kuma mutum ne mai son tsari. Da ƙyar albashina ya kai na kawo iyali, amma ban taɓa bari kowa ya sani ba.

Makarantar tana ba da abincin rana da rangwame ga yaran da albashin iyayensu bai taka kara ya karya ba. Ranar da takardar neman shiga ta zo gida, na ninke ta gida huɗu na jefa a shara.

A taron iyaye na ranar Asabar ɗin, Dakta Kabiru, shugaban kwamitinmu, ya yi bayani. Wata ƙungiyar agaji ce ke biyan rangwamen, kuma da yawan sunayen da ke jerin masu nema take gane ko makaranta na da mabuƙata. Sunayenmu sun yi kaɗan, saboda haka tana shirin janyewa, har da tallafin littattafai.

Sai na miƙe (babu wanda ya kira ni). Na gyara hula na ce, "Maganata uku ce. Na farko, ba bara muka zo yi Qatar ba. Na biyu, sa sunan yaro a jerin talakawa cin mutunci ne. Na uku, ni 'yata ba ta taɓa ɗanɗana abincin nan ba, kullum da kuɗinta a aljihu."

Daga ɓangaren mata sai ga muryar matata.

"Baban Hafsa, don Allah zauna."

"Ban gama ba."

"Ka gama. Zango biyu ke nan tana ci. Kuɗin da kake ba ta, ruwa da biskit kawai yake saya."

(A nan mai hankali zai yi shiru. Ni ban yi ba.) Na ce, "Ai ba a karɓar suna sai da takardar albashi. Ina kika samu?"

"A fayil ɗinka mana. Kai ka rubuta 'Albashi' a jiki da jan biro, har ka ja layi biyu."

Zauren ya kaure da dariya. Ga sanyin esi, ga ni sharkaf da gumi.

Allah ya saka wa Dakta da alheri. Ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas, jama'a, ya isa. Hajiya ta riga mu faɗin gaskiya. To, wa kuma ya jefa tasa takardar a shara?" Wani ya ɗaga hannu a baya, sai na kusa da shi, sai wasu da ban taɓa zato ba. Kafin azahar an cike takardu da yawa, kuma ƙungiyar ta fasa janyewa.

A hanyar gida Hafsa ta gaya mini cewa a da cikinta ciwo yake yi saboda yunwa a darasin ƙarshe, ta ɓoye don kada raina ya ɓaci. Na yi wa mahaifiyarta godiya, a gaban Hafsa kuwa.

Na gane cewa uba ne ke girman kai, amma cikin yaro ne ke kuka. Yanzu kafin in miƙe a kowane taro, sai na fara tambayar Maman Hafsa abin da ke faruwa a gidana.