An Gyara Manazarta, Saura Famfon Layinmu

Jiya na wuni a layin mai da babur ɗina, da ambulan ɗin ƙanwata soke a cikin riga, rana tana gasa ni, zufa tana jiƙa takardar. Da layi ya zo kaina, mai zubawa ya rataye tiyo ya ce an tashi. Ai mutumin da ke riƙe da tiyo a wannan zamani hukuma ne. Haka na tura babur da ƙafa har ofishin mujallar likitoci.

Ƙanwar tawa likita ce a ɗakin yara na wani ƙaramin asibiti. Ta lura cewa yaran da ake kawo mata da amai da gudawa kusan duk 'yan layinmu ne, kuma duk famfo ɗaya suke sha, wanda bututunsa ya fashe a tsakiyar kwata. Ta je wurin masu kula da ruwa, suka ce su ba sa aiki da "an ce", ta kawo hujja bugagga a mujalla sai su gyara. Shi ne ta zauna ta rubuta. Ni kuma aka mai da ni ɗan aike, don mujallar tana da imel, amma mai buɗe shi kullum yana wurin taro.

Sakataren kwamitin tace rubutu ya karɓi ambulan da yatsa biyu, ya zaro takardar, ya juya ta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta baya ka buɗe."

Ya ce, "Mu nan ta baya muke farawa. Manazarta su ne mutuncin takarda."

Ga wanda Allah bai jarraba da sanin wannan abu ba, manazarta su ne jerin rubuce-rubucen da ka jingina maganarka da su. Kowanne da lambarsa, bisa wanda ya riga fitowa a cikin rubutun. In ka cusa sabo a farko, na ɗaya ya koma na biyu, na biyu ya koma na uku, haka har ƙasa, kamar dai layin mai in babban mutum ya shigo da motarsa ta gaba. Sai ka bi takarda layi-layi kana sauya lambobi.

Kuma wannan ba zuwana na farko ba ne. Da farko ta sa sunayen marubuta da shekara, suka ce lamba suke so. Ta sa lamba a cikin baka mai lanƙwasa, suka ce baka mai kusurwa. Ta yi mai kusurwa, sai aka sauya shugaban kwamiti, sabon ya ce shi 'yan ƙananan lambobi yake so, su ɗare saman layi. Duk zuwan nan ba wanda ya taɓa tambayata yaran nan suna warkewa ko kuwa.

Jiya dai sakatare ya bi jerin da yatsa har ƙasa, ya girgiza kai da tausayi.

"Lambobi sun yi kyau. Sai dai ba ta ambaci Shugaba ba."

Mai Girma Shugaban Kwamiti, Allah ya ƙara wa alƙalaminsa tawada, masani ne na gaske. Ya yi bincike mai zurfi a kan ciwon bayan masu yawan zama a kujera, kuma na shaida ya san abin daga tushe. Na tambaya cikin ladabi me ya haɗa wannan da gudawar yara.

Sakatare ya ce, "Duk jikin ɗan Adam ne. Ta sa shi a lamba ta ɗaya. A ta biyu kuma ta sa rahoton masu kula da ruwa."

"Wanda ya ce ruwan layinmu garau yake?"

"Shi. Ai bugagge ne, har da hoto a bango."

Na ce to abin da ita ta gani da idonta a ɗakin yara fa? Ya dube ni yadda ake duban wanda ya shigo ofis da akuya. Ya ce ido ba shi da shekarar bugu, ba shi da lambar shafi, don haka ba a jingina da shi. Ya ƙara da cewa tunda jerin zai yi tsawo, kuma shafukan mujalla ƙidayayyu ne, sai ta rage wani abu daga ciki. Ya ba da shawarar a cire wurin da aka yi bayanin famfo, don ya lura can ne ba lambobi sosai.

Gaskiya na yaba. Ƙasar da ake tsare ɗigo da waƙafi haka, ba za ta taɓa ɓata ba, ko da mutanen cikinta sun ƙare.

Da yamma ni da ƙanwata muka baje takardu a teburin tsakar gida, ina karanto lamba tana gyarawa. Ta kai kan rahoton ruwa, ta ajiye biro. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ni ma haka.

Ta ce, "Yaya, ka gane abin da zai faru? Ranar da na kai musu mujallar, su ma ta baya za su buɗe. Su ga rahotonsu a ciki, su ce ai ke ma kin yarda ruwan lafiya yake."

Nan take aka kira ta a waya daga asibiti, ta suri jaka ta fita, ta bar ni a kan lamba ta biyu. A ƙofa ta yi karo da maƙwabcina tela. Autarsa ce aka sake kwantarwa. Wancan karon ƙanwata ta yi ta fama da ƙarin ruwa har yarinyar ta miƙe, aka sallame ta, ta dawo gida ta ci gaba da shan famfon nan, don shi kaɗai gare mu.

Tela ya zauna a bakin benci, da tef rataye a wuya, yana kallon takardun. Ya san don yaran layi ake rubutun, shi ya sa kullum yake tambayar inda aka kwana. Na yi masa bayanin lambobi dalla-dalla, wane ne na ɗaya, wane ne na biyu. Ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "To Malam, Auta ita lamba nawa ce?"

Na juya takardar gaba da baya. Na ce masa ba ta da lamba, don ba a taɓa buga ta ba.

Ya ce, "Allah sarki," ya tashi ya ɗauki bokitinsa ya nufi famfo, don a asibiti an ce ya kawo ruwan wanke mata kaya.

Saboda haka jama'a, duk wanda cikin ɗansa ya fara murɗawa, kada ya yi gaggawar zuwa asibiti. Ya fara neman wanda zai buga yaron a mujalla, da shekara da lambar shafi. In da hali kuma, ya roƙi a sa shi kusa da Shugaba.