Yashin Tarbar Baƙi

Jama'a, yau da ƙyar na miƙe, bayana kamar an yi sussuka a kai. Kwando ashirin na yashi na ɗauko daga rafi jiya, duk don Masu Girma.

A ƙauyenmu, can ƙasar Doguwa, tun da aka fara dakan dutsen dalma a cikin gidaje kaji suka ƙare, abin ya koma kan yara. Uwani, 'yar maƙwabciyata Furera, shekararta uku, tana cin ƙasa kamar kowane yaro. Yanzu sai suma da fizge-fizge. Wata bakwai muna kai kuka ga hukuma, yau a ce motarsu babu mai, gobe babu taya. Shekaranjiya dai saƙo ya iso, masu gwajin ƙasa na tafe.

Mai unguwa Ubale ya tara mu ya ce, "Manya za su zo ganin ƙasarmu, su tarar da ita haka? A share, a malala yashi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ƙasar ce ba ta da lafiya. Ana yi wa majiyyaci kwalliya don likita?"

Ya ce, "Habu, bakin nan naka zai ja mana." Na ɗauki kwando.

Suka iso, mota uku, mutum tara, cokali ɗaya. Alhaji Sarkin Sanin Ƙasa, Allah ya ƙara tumbi, bai bar takalminsa ya sauka daga tabarma ba. Ya miƙa cokalin ya ɗebi yashina, ya ɗura a kwalba, ya ɗiga wani ruwa, ya girgiza. Ya ce akwai iyakar dalmar da jiki ke ɗauka, tamu ba ta kai ba. Ashe guba ma da mudunta.

Na ce, "Yallaɓai, a ɗan tona ƙasa mana."

Ya ce, "Ni na je Ingila ko kai?"

Suka cinye kajin da muka sayo daga Tudun Wada, tunda namu sun riga su gwajin, suka bar mana takarda mai hatimi.

Ɗazu Furera ta shigo da Uwani a goye, ta ce, "Malam Habu, tunda an rubuta lafiya, ko in wanke takardar in ba ta ta sha?" Wallahi kunya ta kama ni, don hannuna ne ya zuba yashin nan.

Masu Girma, in kun sake samun mai, don Allah ku zo ba sanarwa. Mu mutanen kirki ne, yi wa baƙi kara na neman kashe mana 'ya'ya.